WAI WASA NE KAWAI: TASWIRAR DUNIYA A CIKIN STREET FIGHTER II

'Yan uwa ɗalibai da samarin ma'aikata, akwai wata magana da ta zama garkuwar duk wanda ba ya son a tashi tunaninsa daga barci, watau "ai wasa ne kawai." Da ita ake rufe bakin mai tambaya, da ita ake mai da mai lura abin dariya a gaban tsaransa. Mu kuwa mun daɗe da sanin cewa abin da aka cusa wa mutum yana dariya ya fi zama a zuciyarsa bisa ga abin da aka karanta masa a aji yana hamma. Saboda haka yau za mu gurfanar da wannan magana gaban shari'a, shaidarmu kuwa ita ce wasan faɗan nan na na'ura mai suna Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom na birnin Osaka a ƙasar Japan ya fitar a shekarar 1991. Ƙararmu guda ce. Wasan ya yi adalci a dokokin faɗansa, ya yi zalunci a yadda ya zana al'ummun duniya, daɗin na farkon ne kuwa ya sa miliyoyin matasa suka haɗiye na biyun ba tare da sun tauna ba.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da yabo za mu fara, kada wani ya ce ƙiyayya ce ta rufe mana ido. Street Fighter na farko ya fito a 1987, bai kuwa yi wani tashe mai yawa ba. Mai wasa ba shi da zaɓi, dole ya riƙe Ryu, in an sami na biyu shi kuma ya riƙe Ken, kuma fitar da manyan dabarun faɗa a cikinsa ya fi kama da sa'a bisa ga gwaninta. Da Akira Nishitani da Akira Yasuda suka zo tsara na biyu a ƙarƙashin Yoshiki Okamoto, Yoko Shimomura kuma ta tsara yawancin kiɗe-kiɗensa, sai suka canja al'amarin tun daga tushe. Suka ajiye jarumai 8 a gaban mai wasa ya zaɓi wanda ransa ke so, kowane da saurinsa da nauyinsa da tsawon hannunsa. Akwatin wasan yana da sanda mai juyawa fuska 8 da madannai 6, uku na naushi uku na shuri, daga mai sauƙi zuwa matsakaici zuwa mai nauyi. Duka mai sauƙi yana fita da sauri amma ba ya ɓarna da yawa, mai nauyi yana ɓarna amma in ya kuskure ya bar mai shi a buɗe. Ana kare duka ta jan sanda baya. Turmi uku ake yi, wanda ya ci biyu shi ya yi nasara, agogo kuwa yana ƙirgawa daga 99 zuwa ƙasa.

Asirin wasan shi ne kowace dabara tana da makarinta. Ryu yana jefa curin wutarsa, Hadoken, idan mai wasa ya murza sanda daga ƙasa zuwa gaba sa'an nan ya danna naushi. Abokin karawa yana iya tsallake wutar ya diro masa daga sama. To amma mai tsalle ya shiga hannun Shoryuken, naushin nan mai tashi sama. Wanda kuma ya noƙe yana karewa ba ya motsi, sai a matso a sure shi a maka da ƙasa, domin kariya ba ta hana kamu. Guile sai an riƙe sanda baya na kamar daƙiƙa biyu kafin ya saki makaminsa, saboda haka mai riƙe da shi dole ya koyi haƙuri. Zangief ba shi da abin jifa, kuma sai an kewaya sanda zagaye guda cur kafin ya yi babban kamunsa, saboda haka mai riƙe da shi yakan sha duka yana matsowa har ya sami kusanci. Har ma sarƙa duka, watau a haɗa bugu biyu ko uku a jere ta yadda wanda na farko ya sama ba ya iya kare na baya, ta samo asali ne daga sassaucin da masu tsarawa suka yi don dabaru su yi sauƙin fita. Suka gan ta suka bar ta, ta kuwa zama ginshiƙin duk wasannin faɗa da suka biyo baya.

A gaban wannan akwati ɗan attajiri da ɗan lebura ɗaya suke. Kana cikin wasa wani ya jefa tsabarsa ya ƙalubalance ka, wanda ya yi nasara ya zauna, wanda aka kayar ya koma bayan layi yana laluben aljihu. Masu gidajen wasa sun so wannan tsari ƙwarai, domin faɗan mutum biyu yana ƙarewa cikin 'yan mintoci kuma kowane ƙarshe tsaba ce sabuwa. Da aka mai da wasan na gida a kan na'urar Super Nintendo a 1992, an sayar da fiye da kwafi miliyan 6, a 1993 kuma ya shiga na'urar Sega. Littattafai nawa ne na sanin ƙasashen duniya suka shiga hannun yara masu yawa haka, aka kuma maimaita su dare da rana ba da tilas ba? Wannan ita ce tambayar da masu cewa wasa ne kawai ba sa son a yi.

Gama lalle darasin sanin ƙasashe ne. Kafin a fara faɗa, taswirar duniya ce ke bayyana a allo, kowane jarumi da tutar ƙasarsa, ƙaramin jirgin sama kuma yana tashi daga wannan ƙasa zuwa waccan, murya tana kiran sunanta. Ryu da E. Honda na Japan ne, Ken da Guile na Amurka, Chun-Li ta Sin, Zangief na Tarayyar Sobiyat, Dhalsim na Indiya, Blanka na Birazil. Bayansu akwai gaggan ƙarshe guda 4, watau ɗan damben Amurka Balrog, da Vega na Sifen mai farata da abin rufe fuska, da Sagat na Tailan, da uban gayya M. Bison. Yanzu sai mu duba yadda aka raba mutunci a tsakaninsu. Ryu matafiyi ne mai kamun kai, ba ya neman kuɗi ko yabo, har in ya ci gasar ba ya tsayawa karɓar lambar girma. Ken ɗan masu hali ne, a tashar jiragen ruwa yake faɗansa. Guile hafsan sojan sama ne, jirgin yaƙi na tsaye a bayansa, yana neman fansar abokinsa. Waɗannan mutane ne, masu jiki irin na mutane da dalilai irin na mutane.

To, me aka ba Indiya? An ba ta wani ƙanjamamme mai fararen idanu, wanda hannuwansa da ƙafafunsa ke miƙewa kamar danƙo, yana fesa wuta ta baki, ƙoƙunan kawunan mutane na rataye a wuyansa, giwaye na jere a bayansa. Labarin wasan ya ce ƙoƙunan na yaran ƙauyensu ne da annoba ta kashe. Watau ƙasar da a lokacin ta haura mutum miliyan 800, an taƙaita ta cikin yunwa da annoba da tsafi da giwa. An kira salon faɗansa yoga, alhali yoga hanyar horar da jiki da numfashi ce, ba a san ta da naushi ba. Ba don Indiya ta rasa masu faɗa ba ne. Tana da kokawar gargajiya da ta fitar da Gama, wanda ya shekara da shekaru ba a kai bayansa ƙasa ba, ta kuma fitar da Dara Singh da masu kallon finafinan Indiya suka sani sarai. Siffar Ba'indiye mai miƙaƙƙen hannu kuwa ta riga ta bayyana a wani fim ɗin faɗa na Sinawa na 1976, wanda Jimmy Wang Yu ya shirya. Ashe tatsuniyar da baƙi suka saba yi game da Indiya ce aka ɗauko aka liƙa mata tutar Indiya.

Na Birazil ya fi muni. Ita ba a ma ba ta mai siffar mutum ba. Blanka dodo ne koren fata mai jan gashi, yana tafiya a duƙe, yana gurnani, yana cizon kan abokin karawa, jikinsa na fitar da wutar lantarki, filin faɗansa kuwa bakin kogi ne a dajin Amazon, ga ƙaton maciji a kan itace. A ƙarshen labarinsa sai mu ji cewa sunansa Jimmy, yaro ne da ya ɓace a haɗarin jirgin sama, dajin ne ya mai da shi haka. Ku lura da darasin da ke ciki: yaro ya faɗa Birazil yana mutum, ƙasar ta mai da shi dabba. Wannan ƙasa kuwa ita ce mahaifar kafuwera, faɗan nan mai kama da rawa da bayin da aka kwaso daga Afirka suka raya, ita ce kuma gidan zuriyar Gracie, waɗanda ɗansu Royce ya lashe gasar UFC ta farko a 1993, shekara biyu kacal bayan fitowar wasan. Sauran ma ba su tsira ba. Zangief mai kokawa da namun daji ne, idan ya ci gasa sai wani mai kama da Mikhail Gorbachev ya sauko su taka rawa tare, Tarayyar Sobiyat ɗin kuwa ta rushe a watan Disamba na wannan shekara ta 1991. Cikin su 12, baƙar fata ɗan asalin Afirka ɗaya ne tak, Balrog, shi ma ɗan damben da aka kora ne daga sana'arsa, mai kwaɗayin kuɗi, ɗan koren azzalumi.

Mun san amsar da za a ba mu, mun sha jin ta. Za a ce masu zanen ba su bar kowa ba, ga Honda nan ɗan ƙasarsu, ƙaton ɗan kokawar sumo mai fentin fuska yana faɗa a gidan wanka, ga Guile da gashinsa kamar tsintsiya da tutar Amurka a damtse. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya ce. Japan tana da Honda, tana kuma da Ryu wanda shi ne fuskar wasan gaba ɗaya. Amurka tana da Balrog, tana kuma da Ken da Guile. Wanda ke da wakilai uku, in an yi ba'a da ɗaya saura biyu za su tsare masa mutunci. Bayan haka yaron da ke wasan yana ganin Ba'amurke a fim, yana jin waƙarsa, yana sanye da rigarsa, ya san Guile ba shi ne Amurka ba. Amma yaron da bai taɓa ganin ɗan Birazil ba sai Blanka fa? Ba'ar da aka yi wa mai ƙarfi kamar jifan giwa da tsakuwa ce, wadda aka yi wa wanda ba a sani ba kuwa ita ke zama sunansa. An kuma ce 'yan Birazil da yawa sun rungumi Blanka suna alfahari da shi, Dhalsim kuma gwanaye na lissafa shi cikin masu ƙarfi a gasa. Ba mu musa ba. Mai ƙishirwa yana shan gurɓataccen ruwa har ya gode, wannan kuwa bai tsarkake ruwan ba.

Babbar hujjarmu daga hannun kamfanin kansa ta fito. A Japan, ɗan damben nan baƙar fata sunansa M. Bison, kamanninsa da sunansa duk suna nuni ga Mike Tyson, wanda ya riƙe kambun duniya na masu nauyi daga 1986 zuwa 1990. Mai faratan sunansa Balrog, uban gayyar kuwa Vega. Da za a kai wasan Amurka sai aka ji tsoron ƙara a kotu, aka juya sunayen uku, ɗan dambe ya zama Balrog, mai farata ya zama Vega, uban gayya ya zama M. Bison. Har yau sunayen sun bambanta tsakanin Japan da sauran duniya. Haka kuma a 2021, da aka sake fitar da wasan cikin tarin Capcom Arcade Stadium, an goge hoton rana mai tsirkiya daga bangon gidan wankan Honda, alamar da mutanen Koriya da Sin ke dangantawa da sojan Japan da suka mamaye ƙasashensu. To, 'yan uwa, ina "wasa ne kawai" ta shiga a waɗannan lokuta biyu? Mutum guda mai lauyoyi ya sa an canja sunaye uku. Kasuwa mai kuɗi ta sa an goge bango. Kamfanin ya san sarai cewa hoto yana ciwo, abin da yake aunawa shi ne ko wanda aka ji wa ciwon yana da ikon ramawa.

Ba kuwa za a ce ba a sami damar gyara ba. Cikin shekara uku an fitar da wannan wasa sau biyar a gidajen wasa. Bayan na 1991, Champion Edition ya zo a 1992 ya ba da damar riƙe gaggan nan huɗu da kuma karawar jarumi da irinsa. A ƙarshen shekarar Hyper Fighting ya ƙara sauri, don a ƙwace kasuwa daga masu jabun da suka yi wa wasan kwaskwarima ba da izini ba. A 1993 Super Street Fighter II ya kawo sababbi 4, a 1994 Super Turbo ya kawo manyan dabarun kisa da ɓoyayyen jarumi Akuma. An auna saurin kowane naushi, an rage wa wannan ƙarfi an ƙara wa wancan, domin masu jefa tsaba sun yi ƙorafi. Su waye sababbin huɗun? Cammy ta Ingila, da Fei Long na Hon Kon wanda aka kwaikwayo daga Bruce Lee, da T. Hawk na Meziko mai gashin tsuntsu a ka da fenti a fuska, da Dee Jay na Jamaika, baƙar fata na biyu, makaɗi wanda bakinsa ba ya rufuwa don murmushi. An ba mu mugu, sa'an nan aka ba mu mai nishaɗantarwa. Da aka sake tayar da wasan a 2017 da sunan Ultra Street Fighter II, jarumai biyu aka ƙara, wani Ryu ɗin da wani Ken ɗin.

A duk waɗannan fitowa, jirgin nan na taswira bai taɓa sauka a Afirka ba. Wasan da ya kira kansa gasar mayaƙan duniya ya zana nahiyar a allo ya bar ta fayau ba tuta ko ɗaya. Shin babu masu faɗa ne a cikinta? Hogan Bassey ya ci kambun duniya a 1957, Dick Tiger ya ci nasa a 1962. A shekarar da wasan ya fito Azumah Nelson na Gana yana riƙe da kambun duniya, ya kuma kare shi a Las Vegas, birnin da aka zana a bayan Balrog. Ga kokawar Sanagal mai cika filin ƙwallo, ga kokawar Nijar da ake gasar takobinta tun 1975, ga damben gargajiya na ƙasar Hausa, hannu guda a naɗe da zare ɗayan yana tsaro, makaɗa na zuga, wanda duk mai zanen da ke neman siffar da ido zai gane nan take da ya gan shi ya san ya yi tsintuwa. Sai a 1997, cikin Street Fighter III, aka fito da Elena ta Kenya, 'yar sarkin wata ƙabila, ba takalmi, suturarta ba ta wuce tafin hannu ba. Salon faɗanta kuma? Kafuwera ta Birazil, wadda tushenta na Afirka ke komawa yankin Angola da Kwango, can ɗaya gefen nahiyar. An hana Birazil ganin nata a jikin ɗanta, aka ɗauka aka ba Kenya, domin a idon mai zanen duk tafiyar ɗaya ce.

Saura uzuri na ƙarshe, shi ne wanda ya fi sauran nauyi. Za a ce na'urar 1991 ba ta iya nuna fuska dalla-dalla, dole a zuzuta siffa don mai wasa ya bambance jarumi daga nesa cikin ƙiftawar ido. Mun yarda da wannan, zuzutawa tana cikin sana'ar. Amma ku dubi Sagat. An zuzuta tsawonsa, an ba shi ido ɗaya da tabo a ƙirji, ana gane shi tun daga bakin ƙofa, duk da haka tsayuwarsa da gwiwarsa da shurinsa na damben Tailan ne na ainihi, kuma mutum ne mai girman kai da ciwon kayen da Ryu ya yi masa. Ku dubi Dudley na 1997, baƙar fata ɗan damben Ingila, mai ladabi da natsuwa, wanda ya nuna cewa kamfanin ya iya zana baƙin ɗan dambe ba tare da ya mai da shi ɗan daba ba. Inda masu zanen suka san abu ko suka girmama shi, sun zuzuta shi ya fito da kwarjini. Inda ba su sani ba, ba su kuma ga dalilin tambaya ba, sai suka cike gurbin da dodo. Laifin na rashin damuwa ne, na'ura ba ta da hannu a ciki.

Ba mu ce a ƙona akwati ba, ba mu ce kowa ya ajiye sanda ba. Wanda ya iya Shoryuken ya ci gaba da tashi sama, mu ma muna layi. Abin da muke nema shi ne, da farko, a binne maganar nan ta "wasa ne kawai" a harabar jami'a, domin wurin da aka kafa don tambaya bai kamata ya zama wurin da ake jin kunyar yin ta ba. Na biyu, 'yan uwanmu masu karatun kwamfuta da zane da kiɗa da harsuna su san cewa kayan aikin da a 1991 sai babban kamfani ke da su, yau da yawansu suna samuwa kyauta a intanet, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Waɗanda suka kama aiki a ma'aikatun al'adu da hukumomin wasanni su kuma su tattara tarihin 'yan dambe da 'yan kokawa da dokokinsu da hotunansu tun tsofaffin da suka sani suna raye, don mai zanen gobe ya sami abin dubawa. Na uku, wanda ya fi wuya, ranar da alƙalami ya zo hannunmu kada mu yi wa maƙwabci abin da aka yi wa Indiya da Birazil. Kowannenmu ya san irin siffofin da ake yi wa wasu ƙabilu a barkwancinmu da finafinanmu, ya kuma san amsar da muke bayarwa in sun yi ƙorafi. Ita ce dai wadda muka gurfanar a yau, hukuncin da muka yanke mata kuwa ya hau kanmu kamar yadda ya hau kan mutanen Osaka.